Noman Dankalin Turawa a Gida: A Fara da Iri da Lokaci Kafin a Zo Kan Taki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan noman dankalin Turawa a cikin gida, musamman ga waɗanda suke son su noma shi ba tare da takin zamani ko maganin feshi na kanti ba. Tun da tsadar kayan abinci ta tsananta, magidanta da matan aure da yawa a birane sun koma shuka a bayan ɗaki, wasu a buhuna, wasu a tsofaffin bokitai, kuma bayan tumatir da alayyafo da kuɓewa, abin da aka fi tambaya a kai shi ne dankali. Sai dai akasarin shawarar da ke yawo a wayoyi daga ƙasashen sanyi aka ɗebo ta, inda ake shuka bayan ƙanƙara ta narke, aka miƙo mana ita ba tare da an duba ko ta dace da Kano ko Zariya ko Maraɗi ba. Ga shi kuma kusan duk bayanin a kan taki yake ƙarewa, alhali a ganina taki shi ne na uku. Wanda ya ɗauki aniyar ba zai yi feshi ba, ba shi da abin da zai ceci shukarsa da shi idan cuta ta kama ta, saboda haka dole ne ya gama mafi yawan aikinsa tun kafin ya sa fartanya a ƙasa, wato a wajen zaɓen lokaci da zaɓen iri.

Zan fara da lokaci, domin shi aka fi yi wa sakaci. Asalin wannan dankali daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka yake, a yankin da Peru da Bolibiya suke a yau, inda mutane suka shafe dubban shekaru suna noma shi a tuddai masu sanyi, kuma sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai. Har gobe bai bar halinsa na ɗan tsauni ba. Yana zuba 'ya'ya sosai idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, idan kuwa zafin ya doshi 30 sai ya daina, kuma sanyin dare ya fi masa muhimmanci a kan na rana. Wannan ne ya sa mutum zai shuka shi a Kano a watan Yuni, ya ga ganye kore shar ya rufe wuri har maƙwabta suna yabawa, ranar tono ya tarar da saiwoyi zalla da 'yan ƙwayoyin da ba za su cika tafin hannu ba. Sai ya ɗora wa taki laifi, ko ya ce ƙasar gidansa ba ta karɓi dankali ba, alhali daren ne bai yi sanyin da shukar take nema ba.

Dalilin ke nan da ya sa jihar Filato ta zama gidan dankali a Nijeriya. Tudun Jos ya kai mita 1,200 sama da teku, wasu wuraren ma sun haura haka, kuma ƙananan hukumomin Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin da maƙwabtansu su ne ke ciyar da kasuwannin ƙasar nan da mafi yawan dankalin da ake ci. Turawan mishan da na haƙar kuza ne suka shigo da shi, noman kuma ya bunƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da aka buƙaci abincin sojoji. A can ana shuka na damina a Afrilu ko Mayu a tone shi a Yuli da Agusta, sannan a sake yin na rani da ban ruwa. Tudun Mambila a Taraba da lambunan tsaunin Ayar a jihar Agadas su ma suna cin moriyar tudu. Amma mu da ke zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, daga Zariya zuwa Kano da Katsina da Sakkwato har zuwa Damagaram, dama ɗaya tak muke da ita a shekara, ita ce hunturu. A shuka daga farkon Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta yadda lokacin zuba 'ya'ya zai faɗo a tsakiyar sanyin Disamba da Janairu, a tone a Fabrairu kafin bazara ta kunno kai. Manoman Bonkuku da ke yankin Filinge a Nijar sun daɗe suna yin haka, kuma sun yi suna da shi. Wanda ya yi jinkiri har Janairu, zafin Maris zai riske shi dankalin bai ƙosa ba. Tun daga nan mai lambun gida ya san cewa irin da yake nema shi ne mai nuna da wuri, wanda ke kammalawa a kwana 90 ko kusa da haka, ba mai cin wata huɗu ba. Wani abin armashi ma shi ne a shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen sanyi, lokacin da kowane gida ke neman dankalin soyawa da ƙwai don buɗa baki, farashinsa kuma ya tashi.

Sai batun iri, wanda a nan ne yawancin mutane ke yin asara. Abin da aka saba shi ne uwargida ta ware 'yan ƙwayoyi daga cefanen da aka sayo ta binne. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuma a jira shiru. Dankalin da aka tone yau ba ya tsira gobe. Yana yin barci na wata biyu zuwa uku, gwargwadon irinsa, kafin idanunsa su buɗe. Idan aka sayi sabon tono a Nuwamba aka binne shi a ƙasa mai laima, ko dai ya ruɓe, ko ya fito a makare bayan rabin sanyin ya wuce. Wanda ya dace da shukar hunturu shi ne na daminar Filato da aka tone a Yuli ko Agusta, domin zuwa Oktoba ya farka ya fara tsiro. To amma a nan wata matsalar take, saboda dankalin damina shi ne ya fi haɗuwa da cututtuka a gona.

Ya kamata a fahimci cewa dankali ba kamar masara ko gero ba ne da ake shuka ƙwayar iri. Jikin uwar ake binnewa, don haka duk cutar da uwa ta ɗauka, 'ya'yanta sun gada. Akwai cututtukan bairos da ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ruwan ganye ke yaɗawa daga shuka zuwa shuka. Ba sa kashe dankali nan take, sai dai ganyen ya naɗe ko ya yi dabbare-dabbare, shukar ta tsumbure, amfanin kuma ya yi ta raguwa shekara bayan shekara matuƙar ana maimaita iri ɗaya. Wannan na daga cikin manyan dalilan da suka sa matsakaicin abin da hekta ɗaya ke bayarwa a Nijeriya bai kai tan 5 ba, alhali manoman Holan da Jamus suna haura tan 40. Wadda ta fi ba ni tsoro ga mai ɗan fili a gida ita ce cutar yaushi ta bakteriya. Shuka tana kore, ƙasa da laima, sai a ga reshe ɗaya ya langaɓe da rana ya farfaɗo da dare, bayan 'yan kwanaki duka ta kwanta. Idan aka yanka ƙwayar dankalin za a ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki kusa da ɓawo, a matsa shi kaɗan sai wani farin ruwa mai yauƙi ya tsattsafo, a waje kuma a ga ƙasa ta manne a idanunsa. Wanda yake son ya tabbatar, ya yanki karan shukar daga gindi ya rataya shi a kofin gilashi mai ruwa garai. Cikin 'yan mintoci zai ga farin zare yana sauka daga wurin yankan. Wannan cuta ba ta da maganin feshi ko na kanti ko na gargajiya, tana zama a ƙasa shekaru, kuma tana kama tumatir da tattasai da attaruhu da yalo. Manomi mai gonaki yana iya komawa wata gonar. Mai fili ɗaya a bayan ɗaki idan ya shigo da ita a cikin dankalin cefane, ya ɓata wa kansa wurin shuka kayan miya gaba ɗaya.

Saboda haka shawarata ita ce a nemi irin da aka noma don iri, daga hannun da aka sani, ko da ya fi tsada. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Umudike, tana da reshen dankali a Kuru kusa da Jos, kuma akwai manoman iri a Filato da aka horar a kan wannan aiki. Wanda bai samu ba, dole ta sa sai na kasuwa, to ya zauna ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓi mai girman ƙwan kaza, mai nauyin giram 40 zuwa 60, mai tauri, marar tabo ko rami ko laushi, ya yanka biyu ko uku daga cikin tarin ya duba cikinsu, idan ya ga zoben nan ya mayar da tarin duka tukunya. Waɗanda suka tsallake sai a baje su a faifai ko kwali a wuri mai haske da iska amma ba a rana ba, kamar a rumfa ko a gefen taga, har tsiron ya fito gajere, kakkaura, mai launin kore ko shunayya, tsawon santimita 1 zuwa 2. Dogon farin tsiron da ke fitowa a cikin buhu a duhun ɗaki ba shi da ƙarfi, yana karyewa da an taɓa. Idan tsiro ɗaya tak ya fito a saman ƙwayar, a cire shi domin sauran idanun su buɗe, saboda yawan rassa shi ke kawo yawan 'ya'ya. Game da yanka babban dankali gida biyu don ya auku, ni ba na goyon baya a ƙasarmu mai ɗumi: wuƙa ɗaya tana iya raba cuta ga iri duka, yankakken kuma ya fi saurin ruɓa.

Dangane da sunayen iri, abin takaici ne cewa a yawancin kasuwanninmu ba a sayar da dankali da suna, sai dai a ce manya ko ƙanana, fari ko ja, sabo ko tsoho. Amma manoman Filato sun san abin da suke shukawa, kuma mai saye yana da haƙƙin ya tambaya. Akwai Nicola, ɗan asalin Jamus, mai ɗan tsawo da ciki rawaya, wanda ba ya dagargajewa a tukunya, don haka ya dace da fate da dafawa a haɗa da miya. Akwai Marabel, shi ma daga Jamus, mai santsin ɓawo da saurin nuna, wanda ya karɓu ƙwarai a kasuwa. Akwai Diamant na Holan, wanda ya fi su ƙarancin ruwa a jiki, shi ya sa masu suya ke son sa. Uwargida da ta taɓa soya wani dankalin ya sha mai ya yi laƙwas, ta soya wani ya yi ƙaras-ƙaras, ta riga ta san bambancin ko da ba ta san sunayen ba, kuma daidai ne a tambaye ta kafin a sayi iri, tunda ita za ta sarrafa abin da aka tono.

A shekarar 2023 an amince da wasu sababbin iri huɗu a Nijeriya, masu suna Unica da Juriya da Babban da Kyau, waɗanda suka fito daga aikin Cibiyar Dankali ta Duniya da haɗin gwiwar masu binciken Kuru.  An zaɓo waɗannan huɗun ne saboda yawan amfani da jure cutar ƙunar ganye, wadda ke baƙanta ganye ta kashe shuka idan sanyi da laima suka haɗu, shi kuma Unica, mai jan ɓawo, an san shi a ƙasashe da dama da jure ɗumi da cututtukan bairos. Ga wanda ba ya feshi, irin da ke jure cuta da kansa shi ne maganinsa, don haka da zan samu zaɓi, da waɗannan zan fara gwadawa, ko da jan ɓawo bai saba da idon masu cefanenmu ba. Kuma ina ba da shawara kada a cika fili da iri guda, a shuka biyu ko uku ko da layi ɗai-ɗai ne. Tarihi ya nuna hatsarin dogaro da guda ɗaya: a Ailan, inda talakawa suka dogara da wani iri mai suna Lumper, cutar ƙunar ganye ta ɓulla a 1845, cikin 'yan shekaru kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke biye da ita, wasu kamar haka ko fiye suka yi hijira. Ita wannan cuta ce dai ta cinye gonaki a Bokkos da Mangu a daminar 2022. A ƙaramin lambu amfanin haɗa iri ya wuce kariya ma, domin a kaka ɗaya mutum zai ga wanda ya fi karɓar ƙasar gidansa.

Idan lokaci da iri sun daidaita, sai a zo kan ƙasa. Dankali yana son ƙasa mai laushi da ruwa ke wucewa, jigawa mai ɗan ƙarfi, wurin da rana ke samu aƙalla rabin yini. A guji wurin da aka cire tumatir ko tattasai ko yalo ko taba, domin dangi ɗaya ne da dankali kuma cutarsu ɗaya. Wurin da aka yi masara ko albasa ko wake ya fi. Bayan an tone, kada dankali ya koma wannan kunya sai bayan shekara 3 ko 4, wanda ke nufin mai ƙaramin fili ya raba shi kashi-kashi yana juyawa. Ga wanda tsakar gidansa siminti ne, buhu yana yi, da sharaɗin a huda gindinsa, a sa iri biyu ko uku kacal a buhu mai cin kilo 50, a ajiye shi inda zafin yamma ba zai gasa gefensa ba. Baƙar leda tana dafa saiwa, a nisance ta. Hotunan da ake nunawa na buhun da aka yi ta ƙara wa ƙasa har baki aka farke shi dankali ya zubo daga sama har ƙasa, kada su ruɗi kowa. Yawancin iri a ƙasa-ƙasa suke zuba 'ya'yansu, kusa da inda aka binne uwar.

Yanzu ne maganar taki ta zo. Ƙasarmu ta arewa ba ta da wadataccen ruɓaɓɓen ganye a cikinta, dankali kuma maci ne, don haka wanda ya ƙi takin zamani bai kuma tanadi na gargajiya ba, ya ƙi amfanin ne kawai. Kashin awaki da tumaki da shanu da kaji duk suna yi, da sharaɗi ɗaya: ya ruɓe sosai. A tara shi tun damina a rami ko a tsibi, a haɗa da sharar ganye da ɓawon kayan miya da ragowar harawa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har ya zama baƙi mai laushi wanda ba ya wari kuma ba ya ɗumi idan an cusa hannu. Rabin bokiti zuwa bokiti ɗaya ya ishi murabba'in mita, a gauraya shi da ƙasa mako biyu kafin shuka. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kiran gara da tsutsa, yana kuma sa ɓawon dankali ya yi ƙirci. Kashin kaji yana da ƙarfi ƙwarai, idan ya yi yawa ganye za a samu maimakon 'ya'ya. Toka tana da sinadarin da dankali ke so, amma a barbaɗa kaɗan, domin yawanta na rage tsamin ƙasa, shi kuma dankali ɗan tsami-tsami yake so, ƙircin ɓawo kuma a ƙasa marar tsami ya fi yaɗuwa. Ina kuma jan hankali a kan takin bola da ake sayarwa a kura ko a tifa a gefen birane. A da shara ce ta toka da kashin dabbobi, yanzu kuwa cike take da leda da fasassun kwalabe da matattun batura. Wanda ya guji maganin feshi don lafiyar iyalinsa, sannan ya binne abincinsu a cikin wannan, ko ya shayar da shi da ruwan kwata, bai tsira da komai ba.

Shukar kanta ba ta da wuya. A yi kunya, a bar santimita 75 tsakanin layi da layi, santimita 30 tsakanin iri da iri, a binne zurfin santimita 10 tsiron yana kallon sama, a ƙasa mai laima amma ba jagab ba. A mako biyu zuwa uku zai ɓullo. Idan ya kai tsawon taƙi, sai a yi noma a tara masa ƙasa a gindi, a sake bayan mako biyu ko uku kafin ganye ya haɗe. Wannan tarin ƙasa shi ne rabin noman dankali: yana ba 'ya'yan wurin girma, yana sanyaya su, yana hana ɗan malam-buɗe-littafin nan da tsutsarsa ke huda dankali samun hanyar ajiye ƙwai, yana kuma hana rana taɓa su. Duk ƙwayar da ta leƙo ta ga haske takan zama kore, koren nan kuma alama ce ta wani dafi mai ɗaci da dafuwa ba ta kashewa. Wadda ta yi kore sosai ba a ci, ba a kuma ba yara. A rufe kunyar da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa don riƙe laima, amma a riƙa ɗagawa ana dubawa inda gara ta yi yawa.

Ban ruwa a hunturu yana son natsuwa, domin iskar tana busar da ƙasa da sauri. A shayar a gindi da safe, ba a kan ganye ba, kuma kada a bari ƙasa ta bushe ƙayau sannan a malale ta, musamman daga lokacin da fure ya fara, saboda hakan ne ke sa dankali ya tsage ko ya fito da ƙusoshi. Ƙwari kuwa, a ƙaramin lambu ido da hannu sun fi kowane magani. Tsutsar da ke yanke tsiro da dare tana kwance a ƙasa kusa da gindin wanda ta yanke, a tona da yatsa a cire ta. Masu tsotson ganye a bayan ganye suke taruwa. A daka ƙwallon darbejiya kamar giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Duk shukar da ta yi yaushi ko ta tsumbure, a tuge ta da ƙasar gindinta a fitar da ita daga lambun, kada a jefa ta a ramin taki.

Akwai gaskiyar da ya wajaba a faɗa wa masu karatu na Jos da kewaye da ke son yin wannan noma da damina. Darbejiya da toka da barkono ba sa maganin cutar ƙunar ganye. Idan aka samu sanyi da hazo da yayyafi na kwanaki, takan fara da baƙin tabo mai kama da jiƙa a bakin ganye, da farin fumfuna a bayansa da sassafe, kuma tana iya gama lambu a mako ɗaya zuwa biyu. Abin da mai noma ba feshi yake da shi shi ne iri mai juriya, shuka da wuri, tazarar da iska za ta ratsa, da tara ƙasa mai kauri don kada ruwa ya wanke cutar zuwa ga 'ya'yan. Idan ta ci ƙarfi, a yanke ganyen duka a fitar, a bar dankalin a ƙasa mako biyu kafin a tone abin da ya samu. A nan mu 'yan hunturu mun fi su sa'a, domin busasshiyar iska ba ta yi wa wannan cuta daɗi.

Idan ganye ya yi rawaya ya fara kwanciya, a daina ban ruwa, a yanke karan, a jira kwana 10 zuwa 14 ɓawo ya yi ƙwari ta yadda ba zai saluɓe ba idan an murza da yatsa. A tone da safe ko da yamma, a bar shi ya sha iska a inuwa, kada a wanke wanda za a ajiye, a sa shi a wuri mai duhu da iska. Kada kuma a sa rai fiye da kima. Fili mai murabba'in mita 10 yana ɗaukar shuka 40 da 'yan kai, wato iri kilo 2 da ɗoriya, kuma wanda ya tono kilo 15 zuwa 20 daga ciki ya yi ƙoƙari. Game da ajiye iri don baɗi, mutumin Filato yana iya kafa tsinke a gindin shukokin da suka fi lafiya tun suna kore, ya ware 'ya'yansu ya adana a rumfa mai haske. Mu kuwa da za mu tone a Fabrairu mu jira Nuwamba, da zafin Afrilu da Mayu a tsakani, ajiyar ba ta kai wa. Gara a cinye, a sayi sabon iri kowace shekara.

Wannan ne ya kawo ni ga roƙon da ya sa na ɗauki alƙalami. Iri mai kyau, inda yake, a buhu ake maganarsa, kuma a Filato yake, alhali mai lambun gida kilo 2 ko 3 yake bukata, a garinsu, a watan Oktoba. Ina kira ga hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohinmu da masu shagunan iri da su haɗa kai da reshen Kuru da manoman iri na Filato, a riƙa kawo irin da aka tantance a ƙananan ƙunshi, da sunansa da watan da aka tone shi a rubuce a jiki, kafin sanyi ya shigo. Ƙungiyoyin mata da na unguwanni ma suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su raba. Ina kuma fata cibiyar NAERLS mai yaɗa dabarun noma ga manoma, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da gidajen rediyonmu za su fitar da bayani da Hausa a kan waɗannan sababbin iri da yadda suke yi a hunturun ƙasar Hausa. Ku kuma, Malam Edita, idan za ku buga bayanin noman dankali a shafinku na noma, don Allah ku buga shi a Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da mai karatu zai iya neman iri ya ruɓar da takinsa ya shirya kunya.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai ɗan lambu a bayan gida,
Zariya, Jihar Kaduna.